Yoga da Goshin Alhaji

Wai wane ne ya fara tsayawa da ƙafa ɗaya kamar shamuwa, ya ce ya samo maganin ciwon baya? Na tambayi likita, na tambayi malamai, ba wanda ya ba ni amsa. Wanda ya kamata in tsare da tambayar kuma yana ƙasa, Allah ya jiƙansa. Ya bar ni ina ba jikata labari tana rubutawa, ina share hawaye da bakin mayafi.

Lokacin muna Vénissieux, kusa da Lyon a ƙasar Faransa, a saman wani dogon bene. Maigidana Alhaji yana ɗaukar kaya a mangaza, wato babban ɗakin ajiyar kaya, ranar hutu kuma ya zaga gidajen mutanenmu da atamfa. Ɗaukar kayan nan ta cinye masa baya. Cin tuwo bai ragu ba, amma sunkuyawa ta gagara, sai ya koma yin salla a kan kujera. Abin ya ci masa rai ƙwarai. In ya sallame sai ya shafa goshi ya ce, "Hajiya, tabon sallata ma ya fara gogewa."

Likita ne ya tura shi yoga, wajen wata siririyar madam a Bron, nan kusa da mu. Ranar farko da babbar riga ya tafi, da hula, da turare. Ya dawo rigar a naɗe a hammata.

Na ce, "Me suka yi maka?"

"Numfashi suka koya mini."

"Da can da me kake rayuwa?"

"Da can ɓarna nake yi. Madam ta ce rabi nake ja."

Ashe abin ba lanƙwasa jiki kaɗai ba ne, har da dokoki. Wai kada a cuci mai rai. Alhaji ya hana ni kashe kyankyasai. In na ɗaga takalmi sai ya riga ni, ya kife kofi a kan ƙwaron, ya kai shi ƙofar maƙwabcinmu ɗan Chadi ya saki. Na ce to ragon layya fa? Ya ce madam ba ta zo wannan babin ba, kuma ba shi zai tuna mata ba. Sai dokar faɗin gaskiya. Na ce ai wannan tun kana yaro malam ya gaya maka. Ya ce e, amma malam bai ce har da atamfa ba. Da kunnena na ji yana ce wa wata mata, "Hajiya, kada ki sayi wannan, wanki ɗaya za ta koma tsumma." Matar ta zaci ɓoye wa wata yake yi, ta kwashe duka.

Wata rana na dawo daga kasuwa na tarar da shi rigingine a tsakar ɗaki, tafin hannu yana kallon sama, ido rufe, baki a ɗan buɗe. Na kira, shiru. Na taɓa ƙafa, sanyi ƙalau. Na yar da kwando na kurma ihu. Nan da nan matan bene suka cika ɗaki da salati, ɗan Chadi ya ruga ya buga wa wan Alhaji waya a Stains, can Paris. Wata tsohuwa 'yar Maraɗi ta cire ɗankwalinta za ta ɗaure masa haɓa, sai gawa ta ce, "Don Allah ku yi haƙuri, saura kaɗan."

Tsohuwar nan ba ta ƙara tako ƙofarmu ba.

Wai sunan abin kwanciyar gawa, da ita ake rufe darasi. Mutum ya saki jiki, ya tattara hankalinsa wuri ɗaya, kome zai faru kada ya motsa. Na ce, "Kana ji ina kuka ka yi shiru?" Ya ce, "Madam ta ce in na ji hayaniya in bar ta ta wuce. Amma kin yi ƙoƙari, Hajiya, ban san haka kike so na ba." Na yini ban kula shi ba.

Ba wanda ya tuna ya sake buga waya. Washegari Yaya, wan nasa, ya iso a jirgin ƙasa da farin yadi a jaka, ido jawur, ya tarar da mamaci yana suɗar miyar kuɓewa. Yaya ya dube shi ya ce, "Kai, da furfurarka za ka shiga addinin Indiyawa?"

"Yaya, ba bauta nake yi ba. So nake goshina ya taɓa ƙasa kafin a sa ni cikinta."

Yaya ya koma Stains. Yadin ya bar mini, na yi labule da shi.

Haka Alhaji ya ci gaba shekara da shekaru, yana kwaikwayon kyanwa da maciji a tsakar ɗakina. Ruku'u ya dawo sannu a hankali. Sujada ce ta ƙi. In ya durƙusa ya sunkuya, tsakanin goshinsa da darduma bai wuce a zura hannu ba, nan zai maƙale yana nishi har in zo in ɗaga shi. Na ce in sa masa matashi, ya ce matashi ba ƙasa ba ne.

Wata shekara muka tafi Stains yin babbar salla wajen Yaya. Alhaji ya rantse ba zai je idi da kujera ba. Ranar jajibere da hantsi mutanen gida suka fita neman rago, ni ina yanka albasa, shi yana gwajinsa a falo. Sai na ji nishin ya tsaya. Na leƙo, ga goshin Alhaji a kan darduma daram, har hanci ya taɓa. Na rangaɗa guɗa da wuƙa a hannu. Na ajiye ta, na zo na kama kafaɗarsa zan ɗaga shi kamar kullum.

Daga nan bai ƙara ɗagowa ba. Likita ya ce zuciya ce, ni kuwa ina tsaye a kansa ina murna, ban sani ba. Wayyo Alhaji. Abin da na ji kawai muryarsa ce ƙasa-ƙasa daga cikin darduma, kamar mai dariya.

"Bar ni tukuna, Hajiya. Na daɗe ban zo nan ba."