Ƙullin Dangwali

Shekarar da annoba ta share shanu, Fulanin daji suka gangaro garinmu a fadamar Guri, kowa da sandarsa, ba abin korawa. Hausarsu ba ta wuce gaisuwa ba. Ni kuwa masunci ne ɗan masunci, sai na shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya, na ce duk mai son koyon saƙar koma, ragar da muke kama kifi da ita, ya zo, don Allah nake yi. Hannu yana aiki, baki yana kwasar Hausa.

Cikin waɗanda suka zo akwai wani dattijo dogo da nake ce wa Baffa. Karsana ɗaya tal ta rage masa cikin garke guda, ga iyali. Wani mai hatsi ya riga ya sa mata ido. In ruwa ya janye aka shiga su, wato kamun kifin gayya, alhali Baffa ba shi da koma, sai dai ya ba da ita a auna masa gero. Mu duka mun san haka, amma ba mai faɗa.

Uwata Babarbariya ce, saboda haka akwai wasa tsakanina da Fulani, ina kuwa morarsa.

"Baffa, wannan me ake ce masa?"

"Zare."

"Madalla! Saura ka daina ce mini ke, ka ga gemuna."

A yi ta dariya. Baki kam ya kama, hannun ne ya ƙi. Saƙarsa gwanin kyau, idanu daidai wa daida, amma da na ja bakin zaren sai ta warware sululu tun daga sama har ƙasa. Na nuna, na sake nunawa. Ya ce "To," ya koma ya yi irin ta jiya. Ruwa kuma kullum ja baya yake. Ni ba mai haƙuri ba ne, ran nan na jefar da tsinken saƙa na ce, "Haba Baffa! Wannan ko gawar kifi ba za ta riƙe ba!" Ya naɗe zarensa, ya tafi. Washegari bai zo ba.

Na bi shi rugarsu da hantsi, raina a ɓace. Na tarar yana ɗaure karsanar a dangwali, doguwar igiyar nan da ake jera maruƙa a jikinta, duk madaurai fanko sai ɗaya. Na tsaya ina kallon yatsunsa. Ashe! Ƙullin da yake yi mini a koma ke nan. Na tambaye shi dalili, ya harhaɗa 'yar Hausarsa ya ce, "Wuta ta zo, kura ta zo, ja ɗaya, maraƙi ya tsira." Tun yana yaro hannunsa bai taɓa yin ƙullin da ba ya kwancewa ba. Tausayi ya kama ni ƙwarai.

Na ce, "Baffa, gobe ka zo ka koya mini wannan."

Ya zo. A gaban kowa na zauna ƙasa ya koya mini, yana ce mini hannun Babarbare sai cin tuwo. Da na iya, sai na ga inda muka rabu: shi yana ninka bakin zaren ya tura, mu kuwa zura shi muke yi gaba ɗaya ya fita. Na kama yatsansa na ce, "Nan kawai. Kifi ba a tausaya masa." Ya zura, ya ja. Ya sake ja da ƙarfi. Ƙulli ya zauna daram.

Ranar su, Baffa ya shiga tafki kamar mai taka garwashi, yana salati. Da ya ɗago komar nan, tarwaɗa ce da karfasa suna ta watsal-watsal, ko ido ɗaya bai zame ba. Na yi ta ihu har muryata ta dishe. Kakar nan kifi ya kyafe aka musanya masa da gero, mai hatsi ya haƙura.

Bayan damina biyu sai ga shi da ƙwaryar nono a hannu, fuska a murtuke.

"Kai Babarbare, ka ɓata mini hannu! Na ɗaure maraƙi jiya, na ja, na ja, ya ƙi. Sai da wuƙa."

Na ce, "Wane maraƙi, Baffa?"

Sai ya fashe da dariya, ya miƙo mini ƙwaryar.