Wainar da Ta Ɗora Mini Hannu

Ranar Asabar ta farko a dogon hutun shekarar da na cika tara, na faɗo daga katangar filin wasan da ke bayan gidanmu a unguwar Woolwich ta Landan. Ƙwallonmu ce ta maƙale a kan rumfar shara, ni ne kuma mafi rashin nauyi a cikin yaran, sai aka ɗaga ni. Ƙwallon ta sauko lafiya, ni na sauko a kan hannun hagu. Baba ya kai ni asibiti a bas, muka zauna tun azahar har bayan la'asar, aka ɗauki hoton ƙashin, aka ja shi, aka naɗe da filasta. Muka fito ba wanda ya tambaye mu ko sisi.

Wannan ne ya tayar da hankalin kakata Hajiya, mahaifiyar Baba, wadda ke zaune tare da mu. A garinsu ba a barin gidan maɗori sai an ajiye masa wani abu, ko kaza ko kwanon dawa, domin a ganinsu ɗorin da ba a ba da ladansa ba ba ya kamawa. Kullum da safe, kafin in sauka da ledar shara da hannu ɗaya, sai ta ƙwanƙwasa filastar ta ce, "Maigida, wannan ɗorin kyauta zai bar mini kai da karkataccen hannu." Har ta fara cigiya a wajen matan masallaci ko akwai maɗori a Landan da zai kwance ya sake. Ni kuwa na san yadda jan farko ya yi, ba na neman na biyu.

A makon ne Baffa Sani, ƙanen Baba, ya zo hutu daga Holan, hannuna ya zama abin muhawara a kan kwanon tuwo. Baba ya ce a nan kowa yana zuba nasa ta haraji, gwamnati ce ke biyan likita, mai shara da mai banki layinsu ɗaya. Baffa ya ce a can doka ta wajabta wa kowane baligi sayen inshora daga kamfanin da ya zaɓa, in bai gamsu ba ya sauya, kuma ba a korar yaro daga asibiti. "Amma awa huɗu a kan benci, Yaya, da karaya?" Baba ya ce, "Tambaye shi ko an nemi kati kafin a taɓa shi." Hajiya ta bar su suka gaji, sannan ta ce, "Kai ka ba gwamnati, kai ka ba kamfani. Ita nas ɗin da ta riƙe hannun yaron, me kuka ba ta?" Baba ya ce tana da albashi. Hajiya ta ce, "Albashi na wata ne, ba na hannun mijina ba."

Ranar komawa asibiti ta ƙulle kuɗi a haɓar mayafi, Baba ya roƙe ta ta kwance, domin kyautar kuɗi tana iya raba ma'aikaciya da aikinta. Sai ta ɗauko tandar da ta zo da ita daga gida, ta soya waina cikin kula, ta ɗora a cinya a bas, Baba yana kallon taga. Nas ɗin da ta naɗe ni 'yar Ghana ce, da Hausarta ta zango. Ta buɗe kular ta ce, "Mma, duka wannan namu ne?" Ta kira abokan aikinta. Daga ranar Hajiya ba ta sake ambaton maɗori ba.

Da aka cire filastar, hannun ya fito miƙaƙƙe. Baba ya ce aikin tsarinsu ne, Baffa ya bugo waya ya ce a Holan da an fi sauri. Hajiya ta ja kunnena ta ce in je in kwashe shara da hannu biyu.

Yanzu ta waya nake neman ganin likita, saƙo ne ke faɗa mini lokaci, sau da yawa ban san sunan wanda ya duba ni ba. Baba da Baffa sun yi furfura ba su gama muhawarar ba, kuma kowannensu yana da hujja. Hajiya ta rasu, tandar tana kicin ɗina. Duk ranar da na fito daga ɗakin likita, sai in ji kamar na manta wani abu a gida.