Makinar da Baba Ya Zaɓa

Ranar Asabar ta farko bayan alhazai sun watse, a shekarar da na shiga makarantar gaba da firamare, na dawo gida da azahar, rana tana dukan duwatsun Misfala a Makka, ƙafafuna sun yi nauyi saboda hawan matakalar unguwarmu. Na tarar da Baba zaune a ƙofar ɗakinmu da wani littafi mai hotuna a cinyarsa. Ban saba ganinsa a gida a wannan lokacin ba. Ko rigar makaranta ban cire ba ya yafito ni. "Inna ƙarama," in ji shi, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mini, ba ya kiran sunana, "an ce kun fara Turanci. Zo ki faɗa mini abin da aka rubuta a ƙarƙashin wannan." Na duba, na ga wani ƙarfe mai mariƙi da faifai a tsakiya da bututu a tsaye. Turancina a lokacin bai wuce sunayen launuka da gaisuwar safe ba. Na ce masa ban gane ba. Ya ce ba komai, za ki gane. Ban san aikin shekaru aka ɗora mini ba.

Baba haifaffen Sudan ne, a wani ƙauyen Hausawa da ke gefen kogi, inda kakanninsa suka yada zango a hanyarsu ta zuwa Hajji, suka zauna har suka binne juna a can. Maharbi ne tun yana saurayi. Manoma ke kiransa idan gyado ya addabi dawarsu, ko birai sun shiga masara. Harsashi a can ba ya samuwa sai an je birni, don haka ba ya yar da kwanson da ya harba. Yakan tara su a jakar fata, ya zauna a gindin tsamiya ya sake cika su ɗaya bayan ɗaya da hannu. Yini guda sai ya tashi da 'yan kaɗan, wasu ma in an je daji su ƙi tashi. Da ya zo Makka da Umma, niyyarsa su sauke farali su koma. Sai aka haifi Yaya Bashir, aka haife ni, aka haifi ƙannena. Ya samu wani lungu a ƙarƙashin bene kusa da masaukin alhazai, yana gyaran akwatuna da jakunkuna da tayoyin keken tura tsofaffi. Mutumin da daji ya sani, ga shi a garin da ko tantabara ba a kora. Nakan gan shi bayan la'asar yana kallon tantabarun da ke sauka a kan rufinmu, idonsa yana bin su, hannunsa a kan gwiwa.

Littafin nan a cikin akwatin wani alhaji ya fito, mutumin Najeriya mazaunin Amurka, wanda ya naɗe tsarabarsa da takardu ya kawo akwatin gyara. Littafin na tallar kayan farauta ne. Da alhajin ya ga Baba ya ƙura wa wani shafi ido, sai ya gaya masa cewa a can maharba suna da injin cika harsashi a gidajensu, ya bar masa littafin ya tafi. Tun daga ranar Baba ya sa wa abin suna makina, yadda mutanen Makka ke kiran kowane inji, ya kuma yanke shawarar cewa da ita zai koma gida. Zai kafa ta a ƙauye, maharban yankin su riƙa kawo masa kwansonsu, ya huta da akwatunan mutane.

Gidanmu tsakar gida ɗaya ce da ɗakuna kewaye, iyalai da yawa, wasu daga Cadi, wasu daga Damagaram, mu daga Sudan. Da safe kafin makaranta ni ke sayo burodi da wake a wurin mai tanda, in share ƙofar ɗaki, in wanke kofunan shayi. Ranar da motar ruwa ta zo ƙasan dutse, duk yaran gida sai mu yi jerin gwano da jarkoki, muna hawa muna sauka har wuyanmu ya sage. Lokacin Hajji kuwa Umma ke soya waina da dama kunu, mu ke kai wa alhazai masaukinsu. Idan aka samu sarari da yamma, 'yan matan gidan su zana 'yar gala-gala da gawayi, ko su baje duwatsun carafke, ana faɗa da Larabci ana shiryawa da Hausa. A daidai wannan lokacin ne Baba ke dawowa, ya shimfiɗa tabarma, ya ce in ɗauko littafin. Ina jin tafin ƙawayena a bayana, ni kuma ina bin baƙaƙen Turanci da yatsa, da ƙamus ɗin aro a gefe.

A hankali na gano makinar iri uku ce. Akwai ƙarama mai yin aiki ɗaya a kowane jan mariƙi, sai ka gama da duk kwanson kafin ka koma aiki na gaba. Akwai matsakaiciya mai kai da ake juyawa. Sai babbar, mai faifai da ke zagayawa da kansa, kwanso da yawa a kai, kowane ja ta yi wa kowannensu nasa aikin, gamammen harsashi ya faɗo a gefe. Ita ce ta sace zuciyar Baba, ita ce kuma ta hana shi sukuni. Yau ya ce babbar zai saya, domin ya gaji da abin da ke cin yini. Gobe ya ce a'a, ƙarafanta sun yi yawa, in wani ɗan ƙarfe ya karye a ƙauye wa zai kawo masa madadinsa? Jibi ya ce ƙaramar ai da ita da hannunsa duk ɗaya ne. "Mai saurin nan in ta kuskure," yakan ce, "kafin in lura ta lalata mini jaka guda." Sai ya sa in sake karanta masa nauyinta, da irin teburin da ake ɗaure ta a kai, da ko tana karɓar kwanson irin bindigarsa da ya baro a hannun ƙaninsa. Na karanta shafukan nan har na haddace su, har gefensu ya yi baƙi da man hannunsa.

Umma ba ta taɓa ɗaga murya a kan maganar ba, sai sau ɗaya. Wata rana na ci karo da wata kalma da ƙamus ya ce mini hodar shafawa ce, na rasa abin da ya haɗa hoda da bindiga, sai na kwafe jimlar na kai wa malamar Turancinmu lokacin tara. Ta karanta, ta ɗago ta dube ni, ta ce albarushi ake nufi, sannan ta tambaye ni da Larabci wa ke da bindiga a gidanmu. Na ce ba kowa, kuma gaskiya na faɗa. Da na ba da labari a gida, Umma ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Malam, mu baƙi ne a ƙasar nan," ta ce. "Takardar zamanmu a hannun wani take. Kana so a zo a kwashe mu saboda hoto?" Baba ya ce ai ba nan za a kawo ta ba, can za a aika kai tsaye. Ta ce, "To ka ji, makina ko ba makina, ni na gaji da ƙaura. 'Ya'yan nan ba su san ko'ina ba sai nan." Kawu Sale, abokin Baba mai tuƙa bas daga unguwar Kudai, shi ma ya ja masa kunne, ya ce ya daina yawo da littafin zuwa shago. Daga nan littafin ya koma ƙarƙashin katifa, amma karatun bai tsaya ba.

Ni kaina ban san abin da nake so ba. Ina tsoron ranar da zai ce ya zaɓa, domin na san ranar ce za a fara ɗaure kaya, a kai ni ƙauyen da ban taɓa gani ba, inda za a yi wa Hausata dariya. Amma ina son yadda fuskarsa ke sakewa in ina karatu. Mutum ne da ke dawowa gida a gajiye, bayansa a sunkuye, yatsunsa duk sun tsattsage da waya da allura. Wannan ɗan lokacin ne kaɗai yake zama kamar mai sauran wani abu a gaba.

Ina shekarar ƙarshe a wannan makarantar ya yanke hukunci. Babbar zai saya. Ya ce ya yi tunani, tsufa na zuwa, hannu zai gaza, gara wadda za ta ɗauke masa aiki. A shekarar ne kuma Baffa Isa, ƙaninsa, ya zo Hajji. Bayan an sauko daga Mina ya kwana biyu a wurinmu. Da hantsi, bayan an sha shayi, Baba ya ɗauko littafin da kansa, ya buɗe shafin, ya sa ni na yi bayani tun daga farko. Na yi, da ɗan alfahari ma. Baffa ya saurara har na gama, yana juya kofi a hannu. Sannan ya ce, "Yaya, me za ka harba?" Baba ya dube shi. Baffa ya ce dajin da ya sani babu shi. An sare shi an yi gawayi, sauran kuma manyan motocin noma sun share shi har bakin kogi. Gyado ya ƙaura, zabbin daji sai a labari. Maharban da za su kawo kwanso, wasu sun mutu, wasu sun koma birni dako. Bindigar ma ya daɗe da miƙa wa hukuma, domin yanzu wanda aka kama da albarushi a ɗaki ba maharbi za a kira shi ba. "Ban aiko maka ba ne don kada in karya maka zuciya," in ji shi.

Umma tana bakin murhu, ta daina fifita wuta. Can Baba ya rufe littafin, ya ce, "Tsamiyar fa?" Baffa ya ce tana nan, an yi shagon cajin waya a gindinta. Baba ya yi wata 'yar dariya, ya ce alhamdu lillahi, ya tashi ya sa takalmi ya tafi shago, domin alhazai na shirin komawa, akwatuna sun taru. Bai sake ce mini in karanta ba. Na samu yammacina, sai dai lokacin na girme wa 'yar gala-gala. Umma ta samu abin da take so, amma ban ga ta yi murna ba. Ranar da yamma ta dafa masa miyar kuka da busasshen nama irin na can, ta zauna kusa da shi har ya gama ci.

Yanzu unguwar da na tashi babu ita, dogayen masaukai sun hau kan wurin. Muna zaune a Kudai, a gidan haya hawa na uku, ruwa na zuwa ta famfo, ba mai ɗaukar jarka. Umma ta rasu. Baba yana wurina, idonsa ya yi rauni, hannunsa na rawa, ko maɓallin riga sai an sa masa. 'Ya'yana da Larabci suke yi masa magana, shi kuma ya amsa da Hausa, kowa ya ɗauki abin da ya gane. Ƙasar da ya so komawa yaƙi ya ci ta, dangi sun watse, ba ya ma tambayar hanya. Sai dai in ya ji iska ta sauya ya ce, "Yanzu a can an fara shuka." Ni da nake ganin an tauye mini wasa, yau Turancina ya isa in karanta masa duk abin da yake so, ina da lokacin kuma, amma ba abin da yake so a karanta masa. Ashe lokacin da nake kuka da gajiya a kan tabarmar nan, lokacin ne gidanmu ke da inda ya nufa.