Ƙofofin Baba Saje

Jiya a wajen ta'aziyyar Baba Saje a Bulumkutu, na ga wani mutum ya duƙa zai shiga get ɗin da ko tipa za ta wuce. Nan take na gane tsohon ɗan hayarsa ne, irina.

Baba Saje tsohon soja ne, gajere. Da ya yi ritaya sai ya shiga gina ɗakunan haya, kuma da tsayinsa yake auna kowace ƙofa. Maginin da ya yi gardama, a ranar zai bar aikin.

Satina na farko a gidansa, na je wurinsa da ƙulu a goshina.

Na ce, "Baba, ƙofar nan za ta kashe ni."

Ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce, "Yaro, dogayen da muka je yaƙi tare, waɗanda suka iya duƙawa ne suka dawo. Kyauta nake koya maka."

A wajen ta'aziyyar, ɗansa ya ce zai ɗaga ƙofofin. Mu masu tabo a goshi muka ce ba mu yarda ba.

Allah ya jiƙan Baba. Duk wanda ƙofarsa ta taɓa gaisawa da goshinsa, ya ajiye masa addu'a a nan ƙasa.