Igiyar Ilu da rufin sitarninmu

Bana shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Iliyasu, wanda aka fi sani da Ilu Magini a ƙauyukanmu na arewacin Mayahi. Bayan an gama ɗaurin gero ya kwanta ciwon ciki, bai cika kwana ashirin ba Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Lokacin da ya rasu ko sunana ban iya rubutawa ba. Yanzu shekarata ta huɗu ke nan a karatun manya, shi ya sa na ce bana in ba da labarinsa da hannuna, ko da yake abin da ya fi cancanta in rubuta ya riga ya wuce ni.

Garinmu yana kan hanyar Issawane. Rijiyarmu guda ce, kuma zurfi gare ta, sai da jaki ko sa ake jawo ruwanta. In bazara ta yi, mu da makiyaya muke haɗuwa bakinta, mace ta kan fito da hantsi ba ta koma gida ba sai azahar. Don haka da wani furoje na masu aikin agaji ya zo ya gina mana sitarni gindin lakwal, wato makarantar boko, muka yi murna ƙwarai. Sitarni babban rami ne da aka shafe da siminti, inda ruwan saman da ya sauka kan kwanon azuzuwa yake gangarowa ya taru, a ajiye shi sai rani ya tsananta. Ramin ya yi kyau, har yau ba ya yoyo. Rufin ne bai yi ƙarko ba. Katako aka gitta, aka buga kwano bisa. Cikin damina biyu gara ta cinye katakon, tururin ruwa ya sa kwanon tsatsa ta ciki, iskar farkon damina ta kwashe rabinsa. Rana ta riƙa shiga, ruwan ya yi kore, sauro ya samu gida. Ranar da aka tsamo mushen akuya daga ciki, kowa ya bar sha.

Ilu ya yi cirani shekaru a arewa wajen magina, ya ga ayyuka iri-iri. Ya samu maigari ya ce masa duk abin da za a rufe ruwa da shi bai kamata ya zama abin da gara ko tsatsa za su ci ba. Ya ce a ba shi dama ya yi rufi da birgi zalla, wato tubalin siminti, ba azara, ba ƙarfe, ba ginshiƙi a tsakiya, ya tashi kamar ƙwaryar da aka kife. Nomau taubashinmu, mutum mai jiki da son zolaya, shi ya fara magana.

"Ilu, in dai rufi na tsayawa ba azara, ni ma daga yau na bar tuwo, iska za ta riƙe ni."

"Kai dai ci tuwonka," in ji Ilu, "ina da aiki da nauyinka."

Ni ne mai kwaɓa masa siminti, don haka a gabana aka yi komai. Ya kafa wata sanda a tsakiyar ramin, ya ɗaura igiya a kanta. Igiyar ta auduga ce, shi ya tufke abinsa, tana da ƙulli goma sha tara. Kowane sahun birgi da ƙullinsa. In zai aza birgi sai ya miƙe igiyar daga kan sandar, inda ƙullin ya tsaya nan bakin birgin zai tsaya, yadda igiyar ta karkata haka birgin zai karkata. Ya zagaye sahun duka da ƙulli guda, ya bar shi ya kwana, washegari ya matsa zuwa ƙulli na gaba. Tazarar ƙulle-ƙullen ba daidai take ba, wasu kusa da juna, wasu nesa. Da haka rufin ya riƙa rufe kansa a hankali, ba tare da wani abu ya tallafe shi ta ƙasa ba, har ya bar ɗan baki a sama wanda guga kaɗai ke shiga. Ya yi masa murfi, ya bar ƙaramar kafar iska ya sa mata raga saboda sauro.

Ranar da ya bushe, Ilu ya hau ya tsaya tsakiya, ya kira Nomau. Nomau ya ce yana da iyali. Aka yi ta dariya har ya ji kunya ya hau da rarrafe, yana salati. Da ya ga bai motsa ba ya miƙe tsaye, ya buga ƙafa sau biyu, ya ce shi tun farko ya san abin zai yi. Daga wannan shekara ruwan sitarni ya riƙa kai mu har faɗuwar ruwa, da sanyinsa, ba launi ba wari. Ƴan lakwal suka bar tashi daga aji don zuwa rijiya. Wani ƙauye a yammacinmu ya kira shi, ya yi musu irinsa.

Sai dai aikin ya zo da magana. Mutane suka fara cewa birgi ba ya tsayawa a sarari haka kawai, akwai abin da Ilu ya ƙulla cikin igiyar. Shi dariya yake yi. Bai taɓa ɓoye wa kowa ba, ba a dai tambaye shi ba. Akwai ranar da ya zaunar da ni a zaure ya shimfiɗa igiyar a ƙasa, ya ce in zo ya nuna mini yadda yake auna tazarar, don ta danganta da faɗin rami da tsayin sanda. Ina saurin tafiya noma. Na ce masa, "Yaya, ai kana nan, wata rana ma yi." Ya naɗe igiyar ya rataye.

Bayan sadakar bakwai ta rasuwarsa aka fito da kayansa. Cokalin gini, guduma, ma'aunin ruwa, duk aka san inda za a kai su. Da aka zo kan igiyar ba wanda ya so ya taɓa ta. Maganar ta kai kunnen Inna, mahaifiyarmu, wadda a lokacin ta tsufa, idonta ya yi rauni. Ta bar cin abinci. Liman ya zo ya gaya mata shi bai san Ilu da wani abu ba sai salla da aikinsa, ta kwantar da hankalinta. Ni ma na gaya mata awo ne, a gabana ake aiki da ita. Ta saurare mu duka, sannan ta kama hannuna.

"Na ji. In awo ne, Allah shina gani. In ba awo ba ne fa? Ɗana na kwance, ba ya iya tashi ya kwance abin da ya ƙulla. Kai ne ƙanensa."

Na ɗauki igiyar na zauna gindin itacen bedin ƙofar gida. Siminti ya riga ya daskare cikin ƙulle-ƙullen, sai da na jiƙa ta, na sa basilla, wani wurin har da haƙori. Tun da hantsi nake yi har aka kira azahar. Da na gama na kai mata, ta shafa ta daga wannan baki zuwa wancan, ta ji sumul, ta ce a kawo mata fura. Igiyar kuwa aka ɗaure jaki da ita, ba ta yi shekara ba ta tsinke. Ko a zuciyata ban kawo in aza ta kan sanda in zana alama a wurin kowane ƙulli ba. Da gawayi ma da ya isa. A ganina a lokacin, rufi ya riga ya tsaya, mi za a sake yi da igiya?

Inna ta bi shi bayan shekara biyu, cikin natsuwa. Har yau in an tambaye ni ko na yi daidai, ban san amsa ba. Na ga yadda ta samu sauƙi da idona. Na kuma ga abin da ya biyo baya.

Shekara uku da suka wuce, ruwa mai yawa ya zaizaye gindin sitarnin wancan ƙauye na yamma, rufinsa ya rufta. Suka samo magini mai hannu, ya kafa sanda, ya ɗaura igiya, ya yi ta kintace. Ya kai sahu na tara abin ya zube, Allah ya kiyaye ba kowa a ƙasa. Suka koma ga katako da kwano, yanzu ruwansu ya koma kore, dabbobi ake ba. Bara kuma namu ya tsage ta gabas, daga baki har gindin rufi. Da farko tsinke kaɗai ke shiga tsagar. Yanzu yatsana na shiga. Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne yadda wasu ke cewa, "Ka gani ko? Tun da aka kwance ƙullin, abin ya fara saki." Ba su yi ƙarya duka ba, sai dai ba yadda suke nufi ba. In na buɗe baki in yi bayani, sai in tuna ni ne na kwance.

Wani lokaci na kan tambayi kaina mi Ilu zai ce da ya ga yau. Zai ga manyan tankunan roba baƙaƙe da ake kawowa daga Tasawa bisa mota, na san zai ƙwanƙwasa ɗaya ya tambayi damina nawa zai yi cikin ranarmu. Zai ji labarin garuruwan da suka samu famfo mai aiki da hasken rana, zai yi musu murna, don shi ba mai baƙin ciki ba ne. Mu dai bai iso mu ba tukuna. Zai kuma gan ni da littafi da biro a aljihu, ina karanta allon kan hanya. Nan ne ban san yadda zan dube shi ba. Ƙulli goma sha tara layi goma sha tara ne kawai, rabin shafi bai cika ba.

Na yi ƙoƙari gwargwadon iyawata. Bazarar bara da ruwa ya ƙare, na aro metir, abin awo, wajen malamin lakwal, na sauka cikin ramin da tsani. Na tarar an shafe cikin rufin da siminti, sahun birgi ba ya ganuwa. Gurbin sandar ma an cike shi, tsayinta kuma ban riƙe ba, na dai tuna ta kai mini ƙirji, ko kuwa kafaɗa. Duk da haka na auna abin da ya aunu, na rubuta, na shiga mota zuwa Tasawa wajen wani injiniya da aka kwatanta mini. Mutumin kirki ne, ya ba ni kujera, ya duba takardata da kyau. Ya ce, "Baba, rubutunka ya fita sarai. Amma abin da ka auno rufin da ya riga ya sunkuya ne. In aka bi wannan awon, tsagar za a sake ginawa." Ya ce shi abin da ya sani shi ne a kafa ginshiƙi a tsakiya, a zuba kankare da ƙarfe, aikin da ya fi ƙarfin gari irin namu. Ya taimake ni muka rubuta takardar neman taimako, na kai lameri, ofishin magajin gari. An karɓa da mutunci. Irinta da yawa ke gabanta.

Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko masallaci, maigari ya tara mu gindin lakwal. Ya ce matan gari na hawa rufin nan kullum da guga, ba zai jira sai ya rufta da ɗiyar wani ba. Ya dube ni ya ce, "Kai ka yi aiki da Ilu. Tsakani da Allah, za ka iya gyara rufin?" Na ce ba zan iya ba. Aka yanke shawara a kewaye wurin da ƙaya, a riƙa jawo ruwa da doguwar gora daga gefe, in sauran ruwan ya ƙare a rushe rufin da hannunmu kafin damina, a gitta katako a buga kwano. Kowa a wurin ya san yadda ruwan zai koma, kuma ya san mata za su koma bakin rijiya.

In na auna abin da ya rage na Ilu, ba shi da yawa a ido. Akwai ɗakunan da ya gina, suna nan lafiya. Akwai ƴan matan da suka gama lakwal saboda shekarun da ba a cire su aji don ɗibar ruwa ba, ɗaya ma tana aikin jinya yanzu. Akwai shekarun da gari guda ya sha ruwa mai sanyi a tsakiyar bazara, wannan ba mai iya karɓe mana shi. Saninsa ne bai rage ba, sai abin da ke cikin rufin kansa, shi ma kwanakinsa ƙirgaggu ne.

Don haka kafin a watse daga taron na roƙi alfarma guda. Na ce kada a sa wa rufin guduma gaba ɗaya. A bar ni in kankare shafen, in riƙa cire birgin sahu-sahu daga sama, ina aunawa ina rubutawa, ko Allah zai sa wani mai ilimi ya fahimci wani abu daga ciki wata rana. Nomau, wanda yanzu sai da sanda yake tafiya, ya ce siminti ba zai sakar mini birgi ɗaya-ɗaya ba, kuma rufin da ya tsage, da na cire sahun sama sauran na iya bina ƙasa. Ya faɗa ba da wasa ba, abin da ban saba ji daga bakinsa ba. Na ce na sani. Ya ce to shi zai riƙe mini tsani, tun da dai nauyinsa bai ƙare ba.

Maigari ya ba ni kwana uku. Ruwan da ya rage a ciki bai wuce gwiwa ba.