Ɓatan da Baba Bai Yi Ba

Babanmu mai gyaran injin ban-ruwa ne. Wurin aikinsa rumfar kwano ce a bakin titi, ƙasanta ya yi baƙi ƙirin da mai, kuma ko ƙusa ɗaya ka gusar sai ya san an taɓa masa kaya. Da wannan sana'a ya ciyar da mu. Amma abin da ya sa shi a bakin mutane farauta ce, da wani abu guda da kowa ya yarda da shi: mutumin nan bai taɓa ɓata a daji ba. Saniya ta ɓace wa wani, ko masu itace sun yi nisa ba su dawo ba, rumfarsa ake zuwa, ya goge hannu da tsumma ya bi sawu. Yana ji da abin ƙwarai, ni kuwa ban ga laifinsa ba. Ba shi da mota, ba shi da bene, wannan ɗin ne nasa.

Tun kafin a haife ni da aboki ɗaya yake fita, wani ƙaton magini mai hannu kamar shebur, wanda muke kira Baffa. Tsarinsu bai taɓa sauyawa ba. Su hau babur da sassafe, su jingine shi a gindin wani dutse mai tsaga, Baba ya bi tudu, Baffa ya bi rafi, su koro naman zuwa tsakiya, idan rana ta take su haɗu a dutsen. Ba mai tambayar ɗan'uwansa ko ya gane hanya. A wurin mafarauta wannan tambaya zagi ce, gara ma ka kushe wa mutum bindiga.

Wata rana ina kan keken ɗinki a shagona sai ga Baba ya shigo, abin da ba ya yi, don ya ce ƙarar keken tana sa masa ciwon kai. Ya ture yadin mutane gefe ya zauna a benci da kayan aikinsa masu maiƙo. Na buɗe baki zan yi magana, na ga fuskarsa, na haɗiye.

"Baffanki ya fara mantuwa," in ji shi.

Ya ce kwanan baya Baffa ya makara, ya ce barewa ya bi. Shekaranjiya kuma bai zo ba sam. Baba ya bi sawunsa ya same shi can nesa da rafin, zaune a kan kututture, gorar ruwansa ta ƙare, ya juya wa dutsen baya. Da ya ga Baba sai ya ce hutawa yake yi.

"In 'ya'yansa suka ji, za su karɓe bindigar su zaunar da shi a ƙofar gida. Mutumin nan kuwa in ya zauna ya gama. In na yi shiru kuma, wata rana zan bi sawun in tarar ba shi da rai."

Na ce to su riƙa tafiya tare mana. Ya harare ni. "In ce masa me? Na zama mai renonka?"

Sai na tuna mijin wata mai kawo min ɗinki, mai awon filaye, yana yawo da wata 'yar na'ura da ake kira GPS. Ba ruwanta da layin waya, da tauraron ɗan'adam take aiki. Ka tsaya wuri ka danna ta riƙe shi, duk inda ka je kuma kibiya za ta nuna maka hanyar komawa. Baba ya saurara har na gama. Na ce sai a saya wa Baffa.

"Ke dai karatunki bai amfane ki ba," ya ce. "In na miƙa masa ai na faɗa masa ke nan."

Ya tashi ya fita bai ce min ga abin da zai yi ba. A bakin mutane na ji. Washegari ya je teburin mai shayi, ya jira wurin ya cika, Baffa ma yana nan, sannan ya ce jama'a tsufa ya zo, kwana uku da suka wuce ya ɓata a daji, ba don magini ya nemo shi ba da sai labari. Aka kwashe da dariya har da masu buga tebur. Kafin rana ta yi tsaka zancen ya iso shagona, wata ma har da yi min jaje. Raina ya ɓaci matuƙa. Na same shi a rumfa na ce, Baba, abin da ka yi shekara da shekaru kana tarawa ka zubar a kan kofin shayi? Bai ɗago daga injin da yake kwancewa ba, ya ce in shirya gobe in raka shi kasuwa.

Shagon da muka je na kayan lantarki ne, dogo, da gilasai cike da wayoyi da fitilu. Mai shagon mutum ne mai fara'a da son bayani. Ya jero mana na'urorin a kan kanta, ya ɗauko wata mai faffaɗar fuska da ake shafawa da yatsa, ya fara yabonta, taswira ce, kala ce, har hoto tana ɗauka. Baba ya zura hannu a aljihu ya fito da safar hannu ta masu walda, mai kaurin nan, ya sa. Na ji kamar in nutse don kunya. Sai daga baya na gane: yatsun Baffa yake aunawa, waɗanda siminti ya cinye suka yi kauri suka tsattsage. Ya shafa fuskar, ko motsi ba ta yi ba. Ya ture ta gefe.

"A kawo masu maɓalli."

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya da safar. Wadda ya danna maɓalli ɗaya biyu suka shiga, ya ture. Ya tambayi batir. Da aka ce wata sai an sa ta a caji, ya ce a dajin akwai soket ne? Mai cin batir irin na tocila yake so, wanda kowane mai tireda ke sayarwa. Ya sa aka kashe wa wata ƙara, don na'urar da za ta yi tsuwa a kunnen gada ba abokiyar tafiya ba ce. Ya fita da biyu bakin titi cikin tsakar rana, mai shagon na biye da shi a tsorace, ya miƙa hannu nesa ya kanne ido ɗaya ya ga wacce kibiyarta ke fitowa sosai. Sannan ya yi tambayar da ta kawo shi.

"Mutum ya gaji, ƙishi ya kama shi, kansa ya ɗaure. Me zai danna ta mayar da shi inda ya fito?"

Mai shagon ya nuna a ta farko, shiga nan, sauka can, zaɓi wannan. Baba ya ce mai wannan natsuwar ai bai ɓata ba tukuna. Ta biyun ba ta da wani ado, danna nan, danna nan, kibiya ta fito. Ita ya ɗauka. Akwai mai ruwan ƙasa, akwai rawaya shar mai kashe ido. Mai shagon ya miƙo mai ruwan ƙasan, ya ce ita mafarauta ke so. Baba ya ce a ba shi rawayar, da igiyar ratayawa a wuya. A hanya ya ce min daga kan tudu zai iya hango ta.

Ya zauna a bencina ya koye ta tsaf, har ya fi ni iyawa. Sannan ya kai wa Baffa, ina tsaye, ya yi kicin-kicin da fuska.

"Ga abin da 'yar nan ta ɗora min. Ni idona ba ya ganin komai a ciki. Kai ka riƙe, ka bi kibiyar ka riga ni zuwa dutsen, in na makara ka harba sama in ji."

Ko ni na ga hujjar ba ta da ƙafa. Amma Baffa ya karɓa yana dariya, ya ce, "Oho, yau ga gwani a hannuna." Ya zauna na koya masa, Baba na gefe yana tambayar banza kamar bai taɓa ganinta ba.

Haka suka ci gaba da fita. Baffa ya riƙa isa dutsen a kan kari. Baba kuwa sai ya laɓe a tudu, yana kallon ɗigon rawaya na tafiya a bakin rafi, sai ya ji harbi sannan ya sauko yana haki na ƙarya. Mutane suka daina zuwa rumfarsa neman abin da ya ɓace. Ranar da shanun wani suka ɓata aka wuce ta gabansa aka je neman wani mafarauci, ina wurin. Ya bi su da ido har suka sha kwana, ya koma kan injinsa. Ban taɓa jin girmansa a raina kamar ranar ba, kuma ban taɓa jin tausayinsa haka ba.

Bayan damina ta wuce sai ga Baffa a ƙofar shagona shi kaɗai, da ƙurar siminti a gira. Ya ciro na'urar daga cikin riga.

"'Yata, rufe shagon nan ki raka ni. So nake ki sa min ƙofar gidana a ciki. Jiya na taso daga aiki na tsaya a layinmu ina kallon gidaje kamar baƙo."

Na ja ƙofa na bi shi. Muka tsaya a ƙofar gidan da ya gina da hannunsa, na danna, na nuna masa yadda zai nemo ta. Ya gwada da kansa, ya sake gwadawa, ya mayar cikin riga.

"Kada ki faɗa wa ubanki," ya ce. "Ranar nan ni ne a kan kututture, wannan kam ban manta ba. Ki bar shi ya yi ta makararsa. Da tsada ya saye ta."