Mainasara Bakanike da Sitiyarin Alhaji Lawwali

Mainasara ɗan maƙera ne a Achida, kuma da yaƙin Bama, wato yaƙin duniya na biyu, bai zo ba, da a bakin zugazugi zai tsufa yana ƙera lauje da kalme. Amma aka ɗebe shi soja, ya yi shekara huɗu kwance ƙarƙashin manyan motoci, ya dawo da akwatin sifanu, da kunne ɗaya mai nauyi, da ɗabi'ar yi wa inji magana kamar mai lallashin jaki. Ya kafa rumfa a bakin hanyar Sakkwato zuwa Wurno. Keke, keken ɗinki, motar auduga da ta mace a yashi, duk nan ake kawowa. Matarsa Kaltume takan ce in tana son ya saurare ta, sai dai ta yi tari irin na mota.

Shekara biyu kafin Turawa su naɗe tabarmarsu, Alhaji Lawwali na Wurno, mai fataucin auduga da albasa, ya sayo doguwar mota ƙirar Amurka. Sitiyarinta da yatsa ɗaya ake juya shi, domin akwai ɗan famfo da ke tura wani jan mai yana taya hannun direba. Mainasara ne ya taka har Wurno ya tsaya wa Atiku, mijin ɗiyarsa Ma'u, aka ba shi tuƙin. Ya ce in Atiku ya yi ɓarna, shi za a nema.

Ba a rufa wata ba aka neme shi. A hanyar dawowa daga Goronyo sitiyarin ya ƙage, motar ta ƙi bin lanƙwasar hanya, ta miƙe cikin gonar geron wani bawan Allah. Ba wanda ya ji ciwo, in ban da rawanin Alhaji da ya sauko masa har hanci. Aka lallaɓo da ita rumfar Mainasara da hantsi. Alhaji ya riƙe makulli a hannunsa, ya ce hannun Atiku da ya saba murɗa motar auduga ne ya kashe masa mota, kuma daga yau Atiku ya nemi wata sana'ar. Ga Ma'u da goyo, ga damina ta yi nisa, Atiku bai yi shuka ba.

Mainasara bai taɓa buɗe irin wannan ba, amma bai ga amfanin sanar da jama'a ba. Ya fara da tambaya. Atiku ya ce abin kaɗan-kaɗan ya soma, kullum yana ƙaruwa, kuma da kuka yake zuwa. Mainasara ya taɓa bel ɗin da ke juya famfon, ya ji shi a ɗame. Ya ɗaga gaban motar da jak, ya juya tayoyin da hannu, suka bi lafiya, wato ba ƙarfen da ya lanƙwashe. Ya buɗe ɗan gwangwanin man, ya tarar da shi cike. Sai ya sa aka tayar da inji, ya ɗora sandar ƙarfe a kan famfon, ya kara ɗaya bakin a kunnensa mai lafiya.

Famfon kukan ƙishirwa yake yi. In famfon ne ya mutu, sai an aika Ikko, kuma ba mai wanke Atiku. Amma mai ga shi a cike, mai sha yana kuka, ke nan a hanya aka tare shi. Ya sa aka kashe injin, ya zura hannu yana bin tiyon da ya taso daga gwangwanin. Can ƙasa, inda ido ba ya kai, yatsunsa suka ci karo da laya, an ɗaure ta da igiyar fata, igiyar ta nutse cikin tiyon har ya yi wuya kamar gora.

Ya yafito Atiku ya tambaye shi a hankali. Atiku ya tuna ranar da motar ta zo, Inna Kulu, mahaifiyar Alhaji, ta sa shi ya buɗe mata gaban motar, sannan ta kore shi ya je ya ci tuwo.

To, faɗa wa attajiri a gaban rabin Achida cewa tsohuwarsa ce ta jefa shi gona ba gyara ba ne. Mainasara ya ce 'yan kallo sun tare masa haske, suka ja baya, ya kira Alhaji su biyu suka sunkuya.

"Alhaji, wagga igiya ɗanya anka ɗaura ta. Zafin inji na busar da ita, ita ko tana matsewa. Babu hannun Atiku ciki."

Alhaji ya daɗe yana kallon ƙullin. "Ɗaurin Inna na," ya ce. "To mi za mu ce mata?"

"Mu ce laya ta yi aikinta. Mota ta bar hanya, ko ƙwarzane babu. Zafi dai ya yi mata yawa nan, mun maishe ta inuwa."

Ya yanke igiyar, ya datse inda tiyon ya tsage, ya haɗa da guntun bututun tagulla, ya ɗaure tam. Ya cika mai daga gwangwanin ajiya da aka sayo motar da shi, ya sa Atiku ya yi ta juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe har kumfa ta daina tasowa, kukan ya ɗauke. Layar kuwa ya rataye ta a jikin madubi da zaren auduga.

Alhaji ya gwada da yatsa ɗaya, ya yi gyaran murya, ya miƙa wa Atiku makulli yana cewa a yi sauri kada azahar ta same su a hanya.

Sai da ƙarar motar ta ɓace Mainasara ya zauna a kan tsohuwar taya. Kaltume ta kawo masa fura, ya gaya mata gaskiya bai taɓa ganin cikin irin wannan motar ba. Ta ce ai ta sani, tun da ta ji yau bai yi wa inji faɗa ba, roƙonsa ya yi ta yi.

Bayan kwana uku Inna Kulu ta aiko masa da kaza da layu biyu, ta ce a ƙara wa motar. Ya karɓa da godiya, ya aika mata cewa wannan karon shi zai ɗaura.